Inna Ta Tafi Ba Ta Ga Ƙarshen Labarin Ba

Ku yi mini afuwa, yau ba maganar littafi na zo da ita ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da finafinan nan masu dogon zango, na ce bari dai in amayar da shi ko na samu sa'ida.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ma'abociyar kallon fim ba ce. A zamanin kaset, lokacin da su Sangaya da Wasila suke tashe, da ta ji an saki kiɗan fiyano sai ta ɗauki butarta ta bar mana ɗakin, tana cewa ita ba ta ga abin kallo ba a wajen ƙato da ƙatuwa suna zagaya bishiya. Abin da ta sani a matsayin wasan kwaikwayo shi ne su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Daga nan ta rufe littafinta.

To, sai ga tashar Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo Daɗin Kowa. Wata rana na shigo gida na tarar da Inna ta baje a tabarma tana yi wa Adama matar Kamaye faɗa kamar tana jin ta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana; ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, zo ka ga maƙwabciyarmu ta tsohon gida an sa ta a talabijin." Ba ita ba ce, amma wallahi halin ɗaya ne sak.

Wannan magana ta Inna ita ce duk abin da zan iya faɗa na yabo a kan waɗannan shirye-shirye, kuma ba ƙaramin yabo ba ne. Shekara da shekaru fim ɗin Hausa yana ɗaukar mu yana kai mu falon da ba mu taɓa shiga irinsa ba, inda saurayi ba ya da sana'a sai soyayya, iyaye kuma ba su da aiki sai cewa "ba ka isa ba". Fim mai dogon zango ne ya dawo da mu tsakar gida. Ya ba mai shayi baki, ya ba mai gadi, ya ba malamin tsangaya irin Malam Nata'ala da rigingimun iyalinsa. Ya kuma dawo wa dattawan 'yan wasa da martabarsu, waɗanda a da ba a kiran su sai don su fito sau biyu su sa albarka ko su tsine. Dubi abin da Rabi'u Rikadawa ya yi da Baba Ɗan Audu a Labarina, wanda Aminu Saira ya fara kawowa a 2020: uban da kana jin haushinsa kana dariya, kuma a zuciyarka ka san akwai irinsa a danginku. Dubi Sani Mu'azu a rigar Gwamna Bawa Maikada cikin Kwana Casa'in, shirin da tun 2019 ya ƙirƙiri garin Alfawa ya faɗi abin da ɗan jarida zai yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. A fim ɗin awa biyu babu filin da irin waɗannan mutane za su miƙe ƙafa. Hoto ma ya gyaru, sauti ya gyaru, an rage rawa da waƙa har Inna ta daina ɗaukar buta.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu.

Mu makaranta littattafai mun san wata cuta tun kafin 'yan fim su kamu da ita. Ka je shagon haya ka karɓi littafi na ɗaya, ka cinye shi a dare guda, ka dawo ka karɓi na biyu, ka ga an rubuta a ƙarshe cewa a tari marubuciya a na uku. A na ukun nan sai ka tarar labarin ya riga ya mutu tun tsakiyar na biyu, gawarsa kawai ake ja, ana cika shafi da lissafin kayan lefe da irin girkin da amarya ta yi. Wannan cuta ce ta koma fim, kuma a can ta fi samun wurin zama, domin littafi ko ya kai ina kuɗin takarda zai tsayar da shi.

Ban ce laifin masu shiryawa ne su kaɗai ba. Kasuwar faifai ta rushe, masu satar fasaha sun cinye ta, fassarar finafinan Indiya ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Da aka koma YouTube, musamman daga lokacin kullen korona na 2020 da Izzar So ya nuna cewa ana iya tara jama'a a can, sai lissafin ya sauya. Yanzu kuɗi yana zuwa ne daga talla da yawan masu kallo a kowane mako. Ranar da ka rufe labari, ranar ka rufe shagonka, ka sallami yaranka. Wa zai so haka? Shi ya sa za ka ga an kwashe minti goma ana gaisuwa, a nuna mota ta fito daga gida, a nuna ta a titi, a nuna ta tana shiga wani gidan, mai gadi ya buɗe ƙofa ya rufe. Sirrin da yaro ɗan shekara bakwai zai tona da kalma ɗaya sai a yi zango uku ana ɓoyonsa. In labari ya ƙare ƙarƙaf, a nemo wani ɗan'uwa da ya ɓata a dawo da shi daga ƙasar waje, ko a sa wani ya yi haɗari ya manta kowa. Kuma tsawon lokaci yana da nasa sharrin: 'yan wasa mutane ne, suna aure, suna saɓawa da juna, suna tafiya. Masu kallon Labarina sun ga yadda aka yi da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Sumayyar da aka saba da ita ta koma hannun wata. Fati Washa ta yi iya ƙoƙarinta, amma ido ya riga ya saba. Abin da na yaba wa Saira shi ne daga baya ya rufe wancan babi ya ɗauko sabon labari da sababbin mutane a ƙarƙashin sunan. Ba kowa ke da wannan ƙarfin halin ba.

Batun maimaita tsofaffin finafinai kuwa, ba zan daɗe a kansa ba. Na kalli sabon Mujadala da aka sake yi a 2018. Kyamara ta fi ta da, kaya sun fi na da, yaran ma sun yi ƙoƙari, amma na tashi ban ji komai ba. Da na zauna na yi tunani sai na gane ba fim ɗin nake kewa ba, kewar ɗakin da muka kalle shi nake yi, mu goma sha a gaban bidiyo ɗaya muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Wannan kuwa babu daraktan da zai iya sake ɗaukarsa. Ƙanena da bai ga na farkon ba ya ji daɗinsa sosai, don haka wataƙila ba don ni aka yi shi ba.

In koma kan Inna. Akwai wani shiri da ta ɗauka da zafi, ba zan ambaci sunansa ba don ba rigima nake nema ba. Wata yarinya ce marainiya a ciki da ake ta zalunta, Inna ta mayar da ita tamkar jikarta. Duk mako sai an kunna mata, in babu wuta a sa mata a waya ta riƙe da hannu biyu. In an gama sai ta ce, "Yau ma ba su saka wa yarinyar nan ba?" In ce mata sai mako mai zuwa. Haka muka yi shekara biyu.

Da ciwonta ya yi tsanani, muna asibiti, wani dare ta farka ta ga ina danna waya. Ta ce, "Kai yaron nan, ku da kuke rubuce-rubuce, ba ka san masu abin nan ba? Ka tambayo mini su yadda za a ƙare, ni dai in ji ko gaskiyarta ta fito." Na yi dariya na ce, "Inna, ai ke za ki gani da idonki." Na so a ce ƙarya na shirya mata a daren nan, in ce an kama azzaluman, yarinya ta yi aure ta huta. Ni da nake ƙirƙirar labari, wannan ɗaya ya gagare ni. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Na daina kallon shirin tun daga lokacin. Sai kwanakin baya ƙanwata ta kira ni daga gidan mijinta, muka gaisa, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ka san fim ɗin Inna har yanzu ana yi?" Na ce mata to yarinyar fa? Ta ce wai yanzu an gano ashe ba marainiya ba ce, ubanta yana raye, za a fara nemansa a zango mai zuwa.