Hannun da ya ƙi motsi

Ɗan'uwa mai karatu, na san ka taɓa ganin wanda hawan jini ya kayar. Jiya yana cikin kasuwar Gure, yau hannu da ƙafa na ɓari guda sun shanye. A kai shi likita, a ba shi magani, a maido shi gida. To, daga nan ne aikin yake farawa.

Akwai ma'aikatan da suka karanci motsa gaɓoɓi da gashin jiki, su ne muke ce ma kine. Ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan garuruwa. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne. Wa ke da kuɗin mota kowane mako? Shi ya sa kine yake koya ma wani mataimaki, ko ɗa, ko mata, ko ƙane. Wata rana kai ne za a ce ma: zo ka koya.

Abin farko da ake koyarwa shi ne juya mara lafiya duk bayan awa 2. In ya daɗe a gefe guda, fata tana mutuwa a ƙugu da diddige, gyambo ya fito. Sai lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su kullum, yatsu, gwiwar hannu, gwiwa, sannu sannu. In ya ce da zafi, ka tsaya. Gaɓar da aka bari tana ƙagewa.

Kada ka ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Ka lura da ruwan zafi kuma. Mu Hausawa muna son gashi, ni ma ina so, amma wani lokaci fatar ba ta jin zafi, sai ta ƙone mai ita bai sani ba. Ka fara gwada ruwan da hannunka. Abinci kuwa, a zaune za ya ci, don kada ya shaƙe.

Ga inda karatunka yake shigowa. Ka sami kaye guda. Ka rubuta: ƙarfe 8, dama, ƙarfe 10, hagu. Ran da ya motsa yatsa, ka rubuta ranar. In kun koma wurin kine, ka tafi da kayen, shi za ya fara dubawa.