Faifan Kawu da In'inata

Na san wasu daga cikin masu karatu, musamman malamanmu, da sun ga abin da zan yi magana a kai za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ɗalibar Hausa, a mujallar Ƙungiyar Hausa, ta rasa abin yabo sai kiɗan Turawa mai ƙara kamar ana sassaƙa ƙarfe? To, ina roƙon a yi mini haƙuri a ji dalilina tukuna, in ya so a yanke mini hukunci daga baya.

Ni dai tun tasowata ina da in'ina. Kalmar da ta fara da "b" ko "k" takan tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Saboda haka na zama mai shiru, har a gida ana yabona da kunya, alhali kuwa tsoro ne. Da na shigo jami'a, ranar da aka fara sa ni gabatar da takarda, na yi kusan minti ɗaya ina kokawa da kalmar "bismillahi", wasu a bayan aji suka fashe da dariya. Na koma gida hutu da niyyar ba zan sake tsayawa gaban jama'a ba har abada.

A wannan hutu ne kawuna, wanda ya yi karatu a Amurka yana saurayi, ya sa ni share masa ɗaki. Ƙarƙashin gado na jawo wani akwati cike da fayafayan garmaho. A bangon ɗaya daga ciki na ga hoton mata biyu sun juya wa juna baya. Na ce, "Kawu, su wane ne waɗannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ke 'yar nan, ajiye tsintsiyar ki zauna." Ya kakkaɓe garmahonsa, ya ɗora allura.

Sunan faifan Dreamboat Annie, na ƙungiyar makaɗa da ake kira Heart. Matan nan biyu ya da ƙanwa ne, Ann Wilson mai waƙa, wadda aka haifa a 1950, da Nancy Wilson mai kaɗa jita, wadda aka haifa a 1954. A yankin birnin Seattle na Amurka suka tashi, amma a Vancouver ta Kanada aka ɗauki faifan, wani ƙaramin kamfani mai suna Mushroom ya fitar da shi a can a 1975, sa'an nan ya shiga Amurka a 1976. A wancan zamani kiɗan rok mai nauyi sana'ar maza ce, da wuya a ga mace a gaba tana jan ragama. Duk da haka faifan ya kai na 7 a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Amurka, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Waƙar farko, Magic Man, ita ta fara kama ni. Jita ce ke buɗe ta da wani irin kuka mai tsawo, sai ganga ta shigo da taku ɗai-ɗai. Labarin yarinya ne da so ya ɗauke ta daga gida, uwarta tana kiranta a waya tana roƙon ta dawo, ita kuwa tana ƙoƙarin fahimtar da uwar. Kawu ya ce abin ya faru da gaske, domin Ann ta bi saurayinta Michael Fisher zuwa Kanada, inda ya tsere don kada a ɗauke shi soja lokacin yaƙin Biyetnam. Abin da ya burge ni shi ne, waƙar ba ta mai da uwar abar dariya ba. Kana jin tausayin mai kira, kana jin tausayin wadda ake kira.

Sai Crazy on You, wadda har yau na fi so. Nancy ce ke farawa ita kaɗai da jitar katako, yatsunta na gudu kamar na mai saƙa, har ka ɗauka waƙar lallashi ce za ta biyo. Kwatsam sai jitar lantarki ta faɗo, muryar Ann ta taso daga ƙasa a hankali, ta yi ta hawa har ta kai inda kake tsammanin za ta tsinke, amma ba ta tsinke ba. Maganar waƙar ita ce, duniya ta rikice da yaƙi da tashin hankali, mutum yana neman mafaka wurin masoyinsa. A gefe na biyu kuma akwai Sing Child, wadda ta fi sauran nauyi, inda Ann ke ajiye waƙa ta ɗauki sarewa a tsakiya. Ita kuwa waƙar da faifan ya ci sunanta sau 3 take zuwa cikin waƙoƙi 10, kowane zuwa da irin shigarta, tana sanyaya kunne kamar ruwan randa bayan tafiyar rana.

Da faifan ya ƙare, Kawu ya dube ni ya ce, "Kin san mai wannan murya in'ina gare ta tana yarinya?" Na ce, "Haba Kawu!" Ya ce wallahi, ita da bakinta ta faɗa, 'yan makaranta sun sha yi mata dariya, kuma waƙa ce ta taimake ta, domin in tana rerawa harshenta ba ya sarƙewa. Ban ce komai ba, amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Abin da na tuna shi ne, mu ma rubutacciyar waƙarmu ta Hausa ai rera ta ake yi. Sai na rubuta 'yan baitoci, na kulle ɗaki na gwada rera su. Ko sau ɗaya ban tsaya ba. Da aka dawo hutu na ba da sunana a taron ƙungiyarmu. Gwiwoyina na rawa na tashi, sallamar ma sai da na yi in'ina a cikinta, amma da na kama karin waƙar, baiti 12 suka fita sumul. Waɗanda suka halarci taron shaidu ne.

Ba zan ce na warke ba. Har gobe in malami ya jefo mini tambaya ba shiri, sai na yi kokawa. Kuma ban ce kowa ya bar Barmani Coge da kiɗan ƙwaryarta ya koma wa jita ba, ni ma ina jin ta, kuma ita ma mace ce da ta ɗaga murya ba ta nemi afuwar kowa ba. A 2013 ne Allah ya yi mata rasuwa, a shekarar kuma aka shigar da Heart zauren girmama gwanayen kiɗan rok a Amurka. Abin da nake cewa kawai, magani ba ya tambayar garin mai ciwo. Idan akwai wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa a cikinmu da ke zama a kujerar baya saboda harshe, ya zo taro mai zuwa da baitocinsa, ni zan zauna a gaba in saurara. Allah ya sa mu dace, amin.