Na Goge Sama Na Bar Ƙasa: Labarina Da Injin Maƙwabciyata

Yau labarin wata kunya da na sha zan ba ki, kuma na san in kin ji abin da ya jawo ta sai kin yi dariya, domin kuwa a kan ciyawa ne.

Ke da kike gida, ciyawa abar cirewa ce a tsakar gida, ko a sa lauje a yanko wa tumaki. To a nan Amurka inda aikin maigida ya kawo mu, a wani ɗan gari cikin jihar Ohayo, shuka ta ake yi a gaban gida da bayansa, a ba ta taki, a riƙa aske ta duk mako kamar sumar yaro. In kuwa kika bar taki ta zama jeji, maƙwabta za su fara yi miki wani irin kallo, hukumar gari kuma tana iya aiko miki da takardar gargaɗi, daga nan sai tara.

A watan Mayun 2019 aka kira maigida daga gida cewa jikin Hajiyarsa ya yi tsanani. Ya tafi da niyyar mako biyu, sai ga shi ya shiga na biyar. Shi ne mai yankan ciyawar gidan, da wani ɗan injin turawa wanda tun kafin tafiyarsa yake gardamar tashi. Watan Mayu kuwa a nan lokacin ruwa ne, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta. Ranar da na ga takardar gargaɗi manne a ƙofa hankalina ya tashi. Ga yara uku, ga miji ba ya nan, ga shi ba na son in ƙara masa damuwa a kan wadda yake ciki.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce, ta haura shekara 70, mijinta ya rasu kafin mu tare a unguwar. Yarana Kaka suke ce mata, har ni ma bakina ya saba. Ita ta hango ni ina fama da igiyar injinmu, ta yafuto ni zuwa garejinta, ta yaye wani tamfol. Sai ga inji irin na hawa, kamar 'yar ƙaramar tarakta, da kujerarsa da sitiyari da birki. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar an kifa daro, faɗinsa inci 42, a cikinsa wuƙaƙe biyu suke juyawa, bel ne ke jan su daga inji, ciyawar da aka yanka kuma tana fita ta wata kafa a gefe. Na marigayi mijinta ne. Ya fi shekara goma, amma in kin gan shi sai ki rantse bara aka saye shi.

Ta zauna ta koya mini tuƙi a kan dakalin gidanta har hannuna ya faɗa. Da za ta miƙo mini makulli sai ta ce, "'Yata, abu biyu kawai nake roƙon ki. Ki bari ciyawar ta bushe kafin ki yanka. In kin gama kuma ki leƙa ƙarƙashi." Na ce, "To Kaka, na ji." Amma gaskiya kunnena ne kawai ya ji.

A daren nan aka kwana ana ruwa. Da safe ya ɗauke, sama kuma ta sake haɗowa. Na dubi takardar nan, na dubi hadari, na ce in na tsaya jiran bushewa sai wa'adi ya cika. Wajen ƙarfe tara na hau, na sauke daron nan ƙasa sosai don in aske ta gaba ɗaya in huta, na taka da sauri.

Ban yi zagaye uku ba ƙarar injin ta canza, ya fara nishi. Ciyawa ta daina fita a watse, sai dunƙule-dunƙule kamar kashin shanu. Can sai na ji ƙaurin roba. Na sauka, injin ya mutu da kansa, don an yi shi ne da zarar mutum ya tashi daga kujera wuƙa na juyawa sai ya tsaya. Na leƙa kafar gefen na ga ta toshe tam. Har na miƙa hannu zan zura, Allah Ya taimake ni na fasa, na nemo sanda na zungure. Na sake hawa. Haka na yi ta yi, hau sauka, har sau biyar ko shida. A bayan gida inda akwai ɗan gangare, tayar baya ta yi santsi injin ya zame da ni ta gefe, sai da gabana ya faɗi. Duk da haka ban daina ba sai da na ƙarasa.

Da na gama, na ɗauko tsumma da ruwan sabulu na goge kujera, na goge sitiyari da murfin inji har suna ƙyalli. Na tuna da maganar ƙarƙashi, na ɗan sunkuya na ga wuri ya cunkushe, ga ni a gajiye, ga abincin rana ban ɗora ba. Na ce a raina ai zai bushe ya zube da kansa. Na mayar da shi gareji, na rufa tamfol, na kai mata makulli da kwanon dambun nama, na yi godiya. Ƙaurin robar nan kuwa ban ce mata komai a kai ba.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Bayan kwana shida jikanta ya zo yanka mata tata ciyawar, yana kunna wuƙaƙe injin ya ɗauki rawa, bel ya tsinke. Ina kicin na ji an ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar'uwa, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba kuɗin bel ne ya dame ni ba. Wannan baiwar Allah ta ɗauki abin da ya rage mata na tunawa da mijinta ta ba baƙuwa mai lulluɓi wadda ba ta haɗa komai da ita ba, ni kuma na mayar mata da shi da ɓarna a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli.

Ban jira ta yi magana ba na ce, "Kaka, laifina ne. A jiƙe na yanka, na ji ƙauri ban faɗa miki ba, kuma ban wanke ƙarƙashi ba." Ta yi shiru tana kallona, sannan ta miƙo mini safar hannu ta ce, "To zo ki ga abin da ke ƙarƙashin."

Jikan ya kwance daron ya jawo shi waje ya kifar. Kin san tukunyar tuwon da aka bari ba a jiƙa ba? To ƙanzo ne irin wannan, kaurinsa ya kai yatsu uku, samansa ya bushe ya yi tauri, cikinsa kuwa baƙi ne jiƙe sharkaf yana warin ruɓa. Inda muka kankare, fenti ya fara tashi, tsatsa ta fara ja. Muna kankarewa tana yi mini bayani, kuma shi ne nake son in isar miki.

Ashe wuƙaƙen nan ba yanka kaɗai suke yi ba. Ƙarshensu a lanƙwashe yake, suna juyawa suna jan iska sama kamar fanka, iskar ce ke miƙar da ciyawa tsaye a yanke ta, ita ce kuma ke hura ta waje. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana da nauyi, tana kwanciya, tana mannewa a jikin ƙarfe. Da ta taru sai hanyar iska ta toshe, wuƙa ta riƙa juyawa da ƙyar, bel ya riƙa zamewa yana zafi. Ƙaurin da na ji ke nan. In aka bar ƙanzon kuma sai ya riƙe danshi a jikin ƙarfe dare da rana har tsatsa ta huda shi. Ita ma ciyawar gidan ba ta tsira ba, don dunƙulen da na bari sun danne ta ta yi rawaya, tayoyi kuma sun bar kwari a laka, tunda injin da mai hawansa sun haura kilo 200.

Na tambaye ta, to in ruwa ya ƙi ɗaukewa fa, ciyawa kuma ta ƙi jira? Ta ce wani lokaci dole a yanka da danshi, amma da ƙa'ida. A bari sai rana ta ɗaga, raɓa ta kaɗe. In kika taka ƙasa ruwa ya taso a sawunki, ranar ba ta yanka ba ce. A ɗaga daron sama, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda, in ta yi tsawo sosai a dawo bayan kwana biyu ko uku a rage. A tafi a hankali, a riƙa cin rabin faɗin daro kawai a kowane zagaye. A cire jakar tara ciyawa a bar ta ta fita ta gefe. Gangare kuwa in a jiƙe yake a bar shi sam, ko a bushe ma injin hawa sama da ƙasa ake bi da shi, ba a ratsa gangare ta gefe, don haka yake kifewa da mutum. Duk abin da ta lissafa, kishiyarsa na yi.

Sai maganar wanki. Kafin a taɓa ƙarƙashi a tsayar da inji a wuri mai daidai, a kashe, a ja birki, a zare makulli, a cire wayar fulogi, a bari ya huce. Hannu ba ya shiga kafar ciyawa ko da inji a kashe yake, sanda ake sawa. A kankare da katako ko roba mai tauri don kada a kware fenti, kuma tun ciyawar tana ɗanya, a ranar, lokacin da minti goma zai ishe ki. Yawancin irin waɗannan injuna suna da wata 'yar kafa a saman daro inda ake ɗaura tiyo. A sauke daron ƙasa, a buɗe ruwa, a hau kujera a kunna wuƙaƙe na 'yan mintoci su wanke cikin, sannan a rufe ruwa a cire tiyo a sake kunna su kaɗan don wurin ya bushe. Ba a fesa ruwa mai ƙarfi a kan boris ko wayoyin wuta, don ruwa na korar giris. A share ciyawar da ta taru a saman daro wajen bel, da wadda ke kusa da salansa, domin in ta bushe zafi na iya kunna ta. Kuma kada a rufa tamfol sai komai ya bushe.

Da muka gama sai ta shiga ciki ta fito da wani ɗan littafi da ya sha hannu. Rubutun mijinta ne, shafi bayan shafi, kwanan wata da abin da ya yi. Juyen baƙin mai duk bayan awa 50 na aiki ko sau ɗaya a shekara. Wasa wuƙa wajen kowace awa 25, don dakusasshiyar wuƙa yage ciyawa take yi, bakinta ya bushe ya yi ja. Duba matatar iska, duba iskar taya, sa giris. Kafin sanyi ya shigo a ƙarar da fetur ko a zuba masa maganin hana lalacewa, tunda fetur yana tsufa in ya daɗe a tanki. Babu wani abin mamaki a ciki, 'yan ƙananan ayyuka ne da bai taɓa ɗagawa zuwa gobe ba, su suka riƙe injin fiye da shekara goma.

Muna nan ɗana mai shekara 7 ya zo yana roƙon in an gyara in ɗora shi a cinya mu zagaya. Kafin in buɗe baki Kaka ta ce a'a. Injin kujera ɗaya gare shi, ba a goyo, kuma in ana yanka yara su kasance cikin gida, don wuƙa na iya cillo dutse, mai tuƙi kuma ba ya ganin ƙaramin yaro a bayansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta ita ce yaro ya kai shekara 16 kafin ya tuƙa injin hawa, na turawa kuma shekara 12. Na riƙe wannan da kyau, don da an bar ni da son zuciyata da na ɗora shi.

Na biya kuɗin bel duk da ta so ta hana, muka goge tsatsar muka shafa fenti. Da maigida ya dawo, Hajiya ta samu sauƙi, na ba shi labari tun daga takarda har ƙanzo, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe ni ma na iya kwalliyar waje.

Maganarsa ta zauna mini. Na san da wuya a ce kina da injin ciyawa a gidanki, amma kina da janareta, ko injin markaɗe, ko keken ɗinki, kuma ba ki rasa aron tukunyar biki ko blanda a wurin maƙwabciya. Sau nawa muke goge inda ido ke gani mu bar inda aikin yake? Sau nawa muke mayar da kayan mutane da ɗan lahani mu ja bakinmu, muna fatan ba za a lura ba? Ni dai na koyi cewa aiki bai ƙare ba sai an wanke abin da aka yi aikin da shi, kuma in kin ji ƙauri a kayan aro, ki faɗa wa mai shi tun kafin ya ji da hancinsa.

Mako biyu bayan nan Kaka ta sake miƙo mini makulli, wannan karon har da ɗan littafin. Na yanka tawa na yanka tata, na durƙusa na leƙa ƙarƙashi na kankare tas, sannan na buɗe shafin da marigayin ya tsaya na rubuta kwanan wata a ƙasan nasa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara.