Kaka a Kankiya da Kusada: Daga Rasiɗin Haraji Zuwa Kundin Kasafi

Wanda ya taso daga Kano zai tafi Katsina, da ya wuce Bichi da Tsanyawa to ya shigo ƙasar Kusada ke nan, ko da bai ga garin da idonsa ba. Garin na can hannun dama, sai an ratse. Abin da matafiyi ke gani a bakin titi shi ne Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, inda motocin Malumfashi da Funtuwa ke rabuwa da na Katsina, ga masu tsire, ga masu rake, ga 'yan mata da farantan dafaffiyar gyaɗa suna rige-rigen isa tagar mota. Gaba kaɗan sai Kankiya, wadda titin ya ratsa ta cikinta. Daga nan wata hanya ta ɓalle yamma zuwa Dutsin-Ma, wata ta nufi Ingawa, birnin Dikko kuwa saura kimanin kilomita 60.

Da kaka na je. An yanke gero an ɗaure, dawa ta sunkuyar da kai, mata da yara na roron wake, gawo ya fara fitar da ganye a tsakiyar gonaki. Ƙasa ce ta jigawa, shimfiɗaɗɗiya, ba duwatsu masu tsorata ido, sai kuka da bedi da rumbunan da aka yi wa sabon jinka. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kankiya ta haura mutum 150,000, Kusada kuma ta kusa 100,000, yau ko shakka babu sun ninka haka ko sun kusa. Kowacce tana da kujera ɗaya a cikin kujeru 34 na Majalisar Dokokin Jihar Katsina. A taswira suna tsakiyar jihar, a sarauta suna ƙarƙashin Sarkin Katsina, a zaɓen sanata kuma suna shiyyar Daura. A Majalisar Wakilai ta Tarayya su biyun da Ingawa mutum ɗaya ke wakiltarsu.

A wannan lokaci na shekara ne gwamna kan ɗauki kundin kasafin kuɗi ya kai gaban majalisa, kamar yadda sashe na 121 na tsarin mulki ya wajabta masa. A wannan lokacin ne kuma, a da, ake fitowa karɓar haraji, domin sai da kaka manomi ke da abin sayarwa. Abin da ya kai ni ke nan: in ga abin da ya rage tsakanin manomin nan da kuɗin da ake kasaftawa da sunansa.

A wani ƙauye na ƙasar Kusada aka kai ni zauren wani dattijo. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, har yanzu ana tuna zamanin haraji?" Bai amsa ba sai da ya aika jikansa cikin gida ya ɗauko wani tsohon gwangwani. A ciki akwai ƙananan takardu a naɗe cikin leda, sun yi ja, gefensu ya zagwanye, amma ana iya ganin hatimi da rubutun malamin haraji. Nasa ne da na mahaifinsa. Ya ce a wancan zamani wannan 'yar takarda ita ce mutuncin magidanci. In za ka ci kasuwar wani gari ko za ka tafi cin rani sai ka soke ta a aljihu, don ana iya tare ka a hanya a ce ka nuna. Wanda bai biya ba kuwa, mai unguwa zai zo, dagaci zai aiko, daga nan sai dogarai. Mutum kan sayar da akuyar matarsa, ko damin da ya ajiye don iri, wani ma ya gudu ya bar garin. Ya mayar da takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce da ni, "Ɗana, ba mu yi kewarsa ba."

Ban yi mamakin jin haka ba. Kuɗin ƙasa ya girmi zuwan Turawa. Tun ana biya da wuri ake karɓarsa, tare da zakkar hatsi da kuɗin rafi da kuɗin karofi da jangalin shanu. Da Turawa suka ci Katsina a 1903 sai suka tattara waɗannan, ban da jangali, suka mayar da su haraji guda na tsabar kuɗi, har aka yi zamanin malaman taki masu auna gona da ƙafa. A Katsina ne, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, aka fara kafa baitulmalin En'e a Arewa, sauran masarautu suka kwaikwaya. Kuɗin kan tashi daga hannun mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa ma'aji, a raba tsakanin gwamnati da En'e. Da kason En'e ake biyan hakimai da alƙalai da 'yan doka, a gina elemantare da ɗakin shan magani, a haƙa rijiya, a gyara hanya. Zaluncin da ke cikin karɓar ba ƙarami ba ne, shi ya sa NEPU ta Malam Aminu Kano ta samu kunnen talakawa. Amma duk da haka, rijiyar murtsatsen da ke bakin kasuwa kowa ya san da gumin wa aka haƙa ta.

Rigima mafi zafi da aka taɓa yi a majalisar da ke wakiltar mutanen nan ta faru ne tun ƙasar Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A ranar 1 ga Oktoba 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau kujerar gwamna, ya soke haraji da jangali kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, ya kuma kafa hukumar binciken filaye don ta bi kadin gonakin da aka ƙwace wa talakawa. Sakataren gwamnatinsa shi ne Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, maƙwabciyar Kankiya. Majalisar da ke zama a Lugard Hall kuwa NPN ce ke da rinjaye a cikinta, kakakinta kuma shi ma Bakatsine ne, Mamman Abubakar Ɗanmusa. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, har ya yi mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya. A ranar 23 ga Yuni 1981 ta tsige shi, shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Mutum na iya tsayawa a kowane ɓangare na wannan rikici, kuma har yau a Kankiya akwai dattawan da ke tsaye daram a inda suka tsaya a lokacin. Abin da ba a musu a kai shi ne, rigimar ta taɓo gona da shanu da aljihun talaka, kuma talakan ya san da ita, yana bin ta a rediyo dare da rana.

Ko da aka sake ƙaƙaba wasu kuɗaɗe da wasu sunaye daga baya, haraji irin na da bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma tun daga nan mafi yawan abin da take kashewa daga asusun tarayya yake zuwa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 lambobin suka kumbura. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda garinsu ke Charanchi nan kusa, ya gabatar da kasafin 2024 na sama da naira biliyan 454. Na 2025 ya kai wa majalisa kimanin biliyan 682, ya fito daga hannunta yana biliyan 692. Ƙarin biliyan 10 ke nan, kuma hakkin majalisa ne ta yi ƙari ko ragi. Sai dai a duk inda na zauna, a teburin mai shayi ko a tashar 'yan acaɓa, an ji jimillar a rediyo, amma ban haɗu da wanda ya san me aka rubuta wa mazaɓarsa a ciki ba.

Ba wai yankin baƙo ba ne a zauren majalisar. Ɗan majalisar Kusada, Abubakar Yahaya Kusada, ya zama kakaki a 2017, ya riƙe har zuwa ƙarshen 2018 da ya ci zaɓen cike gurbi ya tafi Majalisar Wakilai, a kujerar da Ahmad Babba Kaita ya bari da ya zama sanata. Mutanen nan sun san siyasa ciki da bai, sun san wanda ya kawo aiki da wanda ya yi alkawari ya ɓace. Abin da ya sauya shi ne yanayin muhawarar. Jam'iyyar gwamna ce ke riƙe da kusan dukkan kujeru, saboda haka ja-in-ja irin na Lugard Hall ya kau. Yawancin abin da ake ji daga zauren shi ne ɗan majalisa ya miƙe ya gabatar da ƙudiri yana kira ga ɓangaren zartarwa da ya gina hanya kaza ko ya gyara makaranta kaza, a goya masa baya, a miƙa wa kwamiti. Ainihin aikin kasafi a ɗakunan kwamitoci ake yin sa, inda kwamishinoni da manyan sakatarori ke zuwa kare abin da suka nema, kuma can ɗin ne kunnen jama'a bai cika kaiwa ba. Zaman lafiya tsakanin gwamna da majalisa abu ne mai kyau, ba na fatan a koma 1981. Amma majalisar da ba a jin tana tambaya, da wuya talaka ya gane amfanin kujerar da ya yi layi a rana ya zaɓa.

Abubuwan tambaya kuwa ga su nan a fili. Kankiya gari ne mai babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya wadda ke yaye ma'aikata zuwa ko'ina a jihar, amma a wani ƙauye da na shiga ɗakin shan maganin ma'aikaci ɗaya ne, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai ba da magani, in ya tafi gari karɓo allurar riga-kafi sai a rufe. Na ga famfon tuƙa-tuƙa da hannunsa ya karye, yara sun wuce shi da jarkoki a baro sun nufi rijiya. Akwai tashar rarraba wutar lantarki a Kankiya, kuma a 2016 an sa hannu a kan yarjejeniyar kafa babbar tashar wuta mai aiki da hasken rana a nan, mutane suka sa rai, har yau suna jira. Masana'antar ƙarafa ta garin ta daɗe ba ta zama abin da aka yi buri ba. Ga kuma matsalar tsaro, wadda a da ake jin labarinta daga yamma, Batsari da Safana da Ɗanmusa, yanzu ta matso har manoman wasu ƙauyukan nan na kwana da ido ɗaya. Majalisa ce ta yi dokar da ta kafa dakarun tsaron al'umma da aka ƙaddamar a Oktoban 2023, kuma duk nairar da ta tafi can, dole an rage ta daga wani wuri. Wannan zaɓi ne mai nauyi, ya kamata a ji wakilai na auna shi a bainar jama'a.

A kasuwa na tsaya kusa da wani mai karɓar kuɗin shiga na ƙaramar hukuma. Yana riƙe da ɗan littafin rasiɗi da ya lanƙwashe don zufa, biro a maƙale a kunne. Duk wanda ya sauke buhu ko ya ɗaure akuya a turke sai ya matsa, ya yage takarda, ya karɓa. Wata tsohuwa mai daddawa ta kwance bakin zanenta ta ba shi, ta karɓi takardar ta cusa ƙarƙashin faifai ba ta ko duba ba. Talaka bai daina biya ba ke nan. Yana biya a kasuwa, yana biya a tasha, yana biya a kan katin waya da sabulu da kusan duk abin da ya saya a kanti. Bambancin kawai, yanzu kuɗin na fita ne kamar ruwa daga tulu mai tsaga, ba ya jin fitarsa a lokaci guda balle ya bi sawu.

Kuɗin ƙasa ma yana kan hanyar dawowa, da sabuwar riga. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna: shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta gargajiya a karkara. Gwamnatin yanzu ta kafa hukumar KATGIS don a auna filaye a shigar da su kwamfuta, a ba da takardu, a riƙa karɓar kuɗin ƙasa yadda ya kamata. Akwai alheri a ciki. A bakin titin Kankiya gonaki na zama fulotai, farashi na hawa, rigimar gado da ta iyaka na cika kotuna, kuma mai takarda ya fi ƙarfin mai ƙwace. Amma majalisa ce ke da ikon dokar da za ta ce nawa za a biya, wa za a ɗauke wa, kuma nawa zai tsaya a inda aka karɓa. Gonar gado ta kadada ɗaya da ke ciyar da gida ba daidai take da fulotin gidan mai ba. Idan ba a bambance su tun a zauren majalisa ba, jikokin dattijon nan za su san abin da kakansu ya sani.

Haka batun kuɗin ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye maimakon ya bi ta hannun jihohi. Famfon da ya karye da ɗakin shan maganin ƙauye da rumfunan kasuwa duk aikin sakatariyar Kankiya ne da ta Kusada, kuma dokokin da ke tafiyar da su a majalisar jiha ake yin su.

Gwamnatin jiha ta fito da shirin raya al'umma a mazaɓu 361, ana tara mutane a tambaye su abin da suka fi buƙata. Mataki ne mai kyau, na kuma ji ana yaba shi a Rimaye da Kafin Soli. Sai dai tambayar buƙata rabin aiki ne. Jihar na wallafa kasafinta da rahoton abin da aka kashe duk wata uku a intanet, da Turanci, shafi ɗaruruwa. Ba abin da zai hana ɗan majalisar Kankiya ko na Kusada ya ciro layukan da suka shafi mazaɓarsa, ya sa a mayar da su Hausa, ya zo ƙofar fadar hakimi ranar kasuwa ya karanta: hanya kaza an ware mata kaza, an saki kaza, ɗan kwangila ya tsaya a wuri kaza. A liƙa kwafi a sakatariya da ƙofar kowane dagaci, a sake dawowa bayan wata uku da sabon lissafi.