Kalmar "Nasara" ta tsufa, duniya ta wuce ta

A bakinmu nan Nijar, kalma guda muke kiran Bature da Kirista da ita: Nasara. Zamanin kakanninmu abin bai yi nisa da gaskiya ba. A 1910, kashi biyu cikin uku na Kiristocin duniya a Turai suke, na Afirka kudu da Sahara kuwa ba su kai miliyan 10 ba. Amma a 2010, bisa lissafin cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka, na Afirka sun haura miliyan 500, rabon Turai kuma ya sauko kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin lura, mafi yawan wannan ƙaruwar ta zo ne bayan 1960, bayan Turawan mulki sun naɗe tabarmarsu. To wa ya yi aikin? 'Yan ƙasa ne, masu wa'azi da harshen uwa. Littafi Mai Tsarki ma ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Ga kuma yawan haihuwa, wanda ya ƙara yawan Musulmi da Kirista baki ɗaya. Yau Birazil ce ta fi kowace ƙasa 'yan Katolika, a 2013 aka zaɓi Fafaroma ɗan Ajantina, kuma fada-fada daga Afirka ne ke riƙe da coci da dama a ƙauyukan Faransa. Kun ga ruwa ya juya.

Nan gida Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai. Amma ba baƙi ba ne. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, asibitin Galmi na aiki tun 1950, na Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu kuturta. Wanda ke shiga coci ran Lahadi a Tsibiri ko Dogon Dutsi, galibi Bahaushe ne, fura guda muke sha, farashin hatsi guda ke hana mu barci.

Me ya sa muka tado zancen? Saboda Janairun 2015. Wata jarida a Faris ta yi zanen ɓatanci, ran kowa ya ɓaci, amma wutar ta faɗa kan coci-coci a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka goma. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Mai ɗinkin unguwa da malamar lakwal ba su san ma inda ofishin jaridar yake ba.

Mu da ke riƙe da makirfo mun san kalma tana da nauyi. In labarin ɓacin rai ya sake zuwa daga waje, kuma wallahi zai zo, mu kira mai laifi da sunansa, mu kira maƙwabci da nasa. Allah ya ba mu zaman lafiya.