Mudun Awon Lokaci

Kalmar nan "kwata" baƙuwa ce a Hausa, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Daga Ingilishi muka aro ta, tare da 'yan'uwanta "awa" da "minti", ko da yake muna da "rubu'i" da "sa'a" da "daƙiƙa" waɗanda Larabci ya ba mu. Yau ko yaro ka tambaya ƙarfe nawa, sai ya ce maka biyu saura kwata, ko huɗu da kwata. Kakanninmu kuwa da hantsi da walaha da azahar da la'asar suke auna yini, ɗan ƙwadago kuma ko dai a yi jinga da shi a kan gona, ko a biya shi kuɗin yini. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne na gano 'yar kalmar nan da muke bitarta a darasin aron kalmomi tana iya rage wa mutum abin da zai sa a aljihu.

A ƙasashen da ake biyan ma'aikaci bisa yawan awoyin da ya yi, musamman Amurka, akwai al'adar cike lokaci zuwa kwata mafi kusa. Wanda ya shiga aiki ƙarfe 8 da minti 7, sai a rubuta masa ƙarfe 8 daidai. Wanda ya shiga da minti 8 kuwa, sai a rubuta masa 8 da kwata. Shi ya sa suke kiran abin ƙa'idar minti bakwai. Asalin al'adar sauƙin lissafi ne. Tun shekarar 1888 wani mai sana'ar agogo da kayan ado, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ke buga lokacin shigar ma'aikaci da fitarsa, amma akawu ne zai zauna da alƙalami ya tara wa mutum ɗari ko dubu awoyinsu. Minti 15 kashi ɗaya ne cikin huɗu na awa, watau 0.25, ko ɗan firamare ya ninka shi da kuɗin awa. Minti 7 kuwa ba ya rabuwa sumul, sai ya bar wutsiya mai tsawo. Dokar ƙwadago ta Amurka, wadda aka kafa a 1938, ƙa'idojinta sun yarda a cike lokaci zuwa minti 5 ko 6 ko 15, amma da sharaɗi guda: in an tara kwanaki, kada ya zamana an tauye wa ma'aikaci haƙƙin lokacin da ya yi aiki.

Ni dai a dogon hutun da ya wuce na haɗu da abin. Na sami aiki ta intanet da wani kamfani na ƙasar waje, ina sauraron maganganun Hausa da aka naɗa ina rubuta su, ana biyana a kan awa. Da kuɗin nake sa ran biyan rajistar bana, domin mahaifina ya riga ya faɗa mini cewa wannan karon nauyin ƙannena ya ishe shi. Tsarinsu shi ne kowane zama a ƙirga shi daban, kuma a mayar da shi kwatar da ke ƙasa. In na yi minti 29, minti 15 za a rubuta. In na yi 44, a rubuta 30. To, kowa ya san halin wutar lantarki da sabis a garuruwanmu. Ina cikin aiki sai a ɗauke wuta, ko sabis ya yanke, zama ɗaya ya rabu uku, kowane kuma a gutsure masa gefe.

Da na ga kuɗin makon farko bai kai abin da na ƙiyasta ba, sai na sami littafi na riƙa rubuta lokacin farawa da na tsayawa. A mako na biyu abin da ya zube tsakanin littafina da nasu ya haura awa biyu. Na rubuta wa mai kula da mu, cikin ladabi, na nuna masa lissafin. Amsar da ya aiko gajeriya ce, wai haka na'ura take ƙirgawa, kuma kowa haka ake yi masa. Ban bar aikin ba, domin mai nema ba ya fushi. Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda tsarin ya sauya mini hali. Akwai ranar da nake rubuta tatsuniyar da wata tsohuwa ke bayarwa da bakin Sakkwatanci mai daɗi, irin abin da muke nema ruwa a jallo a sashenmu, sai na tarar rabin hankalina yana kan agogo, ina jiran minti 30 ta cika in tsaya kafin a ɗauke wuta.

Mai karatu zai iya cewa, minti bakwai ai ba abin faɗa ba ne. To, mu yi lissafi. Ma'aikacin da ke rasa minti 7 da safe da 7 da yamma, ya rasa minti 70 a mako mai kwana biyar. A mako 50 ya zama minti 3,500, watau awa 58 da 'yan kai, fiye da aikin mako guda cur. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin lura kuma, idan aka juya wajen karɓar kuɗi daga mai hulɗa, cikewar sama take yi. Lauyan da ke cajin kwata, in ya amsa waya ta minti 3, kuɗin minti 15 zai rubuta, shi ya sa da yawa daga cikinsu suke aiki da minti 6, kashi ɗaya cikin goma na awa. Iyayenmu ma sun ɗanɗana irin wannan. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, da minti ake caji, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe sai ka biya minti guda cif, har zuwa 2003 da Glo ya zo da cajin sakan-sakan, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ashe ana iyawa.

Wannan shi ne abin da nake son mu riƙe. Akawun da ake tausaya wa saboda wahalar lissafi, yau kwamfuta ta karɓe masa aikin, tana ƙirga sakan ba gajiya. Har Kotun Ƙoli ta Jihar Kalifoniya ta yanke hukunci a 2021 cewa ba a cike lokacin hutun cin abinci na ma'aikata. A kasuwarmu mai awo yakan cika mudu ya yi masa tozo, wani lokaci har da gyara, wanda kuma aka kama da tauye mudu ya sha kunya a gaban jama'a. Kwata ma mudu ce, sai dai da wuya mai aiki ya ga cikinta.

Da yawa daga cikinmu za mu yi aikin fassara ko rubutu ko koyarwa da ake biya a kan awa. Kafin ka sa hannu, ɗan'uwa, tambayi yadda ake cike lokaci, sama ko ƙasa ko mafi kusa, kuma a kowane zama ne ko a jimlar mako. Sa'an nan ka ajiye littafinka na kanka. Ni nawa yana nan, kuma da shi na samu wani kamfanin ya yarda ya biya ni minti-minti a hutu mai zuwa.