Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Ran 29 ga watan Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Kafin mako ya zagayo, Yola da Jimeta sun cika sun batse da masu gudun hijira. An sauke waɗansu a sansanonin Damare da Malkohi, waɗansu kuma a harabar majami'ar St. Theresa da ke Jimeta. Amma mafi yawansu gidajen dangi suka nufa, domin kowa ya san inda nasa yake.

Cikin masu masaukin nan akwai wani malamin firamare, mutumin Mubi, wanda aiki ya zaunar da shi a Jimeta. Gidansa ɗaki 3 ne, mutum 7 ke kwana ciki. Cikin kwana kaɗan suka zama 26. Malamin bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya bar wa mata da yara ɗakuna, ya koma zaure. In an kawo masa tuwo sai ya tura wa yara, ya ce ya ƙoshi. Goro da shayi suka zama abincinsa. Da dare kuwa rediyo na kunne ɗaya, waya na ɗaya, yana jiran labarin ƙanensa da ba a san inda ya faɗa ba.

Ana nan, ran nan yana rubutu a allo sai ya ga baƙaƙen suna rawa, alli ya suɓuce daga hannunsa. Da aka kai shi asibiti aka auna jininsa, aka sami 170 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 likitoci ke kiran abin hawan jini. Aka ba shi magani, aka ce ya huta. Ya yi murmushi kawai, don a ganinsa mai baƙi 19 ba shi da wani hutu.

Goggonsa ce, wata tsohuwa da ta taka sayyadarta daga Mubi ta cikin duwatsu, ta kira shi da magariba. Ta ce, "Ɗan nan, mun baro gida mun zo inuwarka. In kai ka faɗi, wa za mu dosa? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Goggo."

To, ba wani babban abu ya yi ba. Ƙananan al'adu ya ɗaura wa lokutan salla, don kada ya manta.

In ya idar da sallar asuba, sai ya taka zuwa wajen gadar Binuwai ya komo, tafiyar kamar rabin sa'a, tun rana ba ta yi zafi ba. Can yakan ga masunta suna tura kwalekwale, da manoman rani suna nufar fadamar Geriyo, sai zuciyarsa ta tuna duniya ba ta tsaya ba. Da azahar ya zauna ya ci rabonsa, Goggo na tsaye a kansa har ya suɗe kwano. Uwargida ta rage gishiri a miya, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali guda. Daga la'asar ba goro ba shayi, domin dukansu suna korar barci. Labarai kuwa sau 2 a rana, safe da yamma. Bayan lisha ya miƙa wa uwargida wayar, da sharaɗin in labarin ƙanensa ne ta tashe shi.

Abin da ya fi yi masa wuya shi ne karɓar taimako. A lokacin, Jami'ar Amurka da ke Yola tare da shugabannin Musulmi da na Kirista suna rabon abinci ga masu gudun hijira, amma kunya ta hana shi barin baƙinsa su je, wai kada a ce ya gaza. Wani abokin aikinsa Kirista, mutumin Michika, wanda shi ma gidansa ke cike, shi ya ce masa, "Malam, kunyar da za ta kwantar da kai ba mutunci ba ce." Daga ranar ya saki. Ya kuma raba aikin gida: samari ɗiban ruwa, 'yan mata wanke-wanke, wani kawunsa riƙon kuɗin cefane. Su biyun kuma suka mai da zaman gindin darbejiya bayan tashi daga makaranta al'ada, kowa ya amayar da abin da ke cinsa.

Sojoji da mafarauta sun ƙwato Mubi cikin Nuwamba, 2014, ƙanen kuma ya ɓullo ta Kamaru da ransa. Sai dai wahala ba ta tafi ke nan ba. Cikin Yuni, 2015, bom ya tashi a kasuwar Jimeta, cikin Oktoba a wani masallacin Juma'a da ke Jambutu, cikin Nuwamba kuma a wata kasuwar kayan gwari. Bayan na ƙarshen nan malamin ya kwana 3 bai fita tafiyarsa ba, barci ya sake ƙaurace masa. Ran na 4 da asuba ya tarar uwargida ta ajiye masa takalmansa a bakin zaure, ba ta ce uffan ba. Ya sa, ya fita.

Masu karatu, abin lura a nan shi ne, malamin nan bai jira hankali ya kwanta sa'an nan ya kula da kansa ba. Da ya jira, da watakila baƙinsa ne za su yi jinyarsa. Yau ko ambaliya ce irin ta 2012 da 2022, ko tsadar abinci, ko majinyaci a gida, mai ɗauke da jama'a shi ne ya fi saurin mance cikinsa da barcinsa, yana ɗaukar hakan sadaukarwa. Alhali jiki amana ne, kuma haƙƙin iyali yana rataye da shi.

Baƙi sun daɗe da komawa Mubi, Goggo ma ta riga mu gidan gaskiya. Malamin ya yi ritaya, yana shan maganinsa, yana zuwa awo kowane wata. Har wa yau in an sallame asuba, takalmansa na bakin zaure. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.